Yadda Haladu Tela Ya Fita Yaƙin Fakara da Kan Burtun Kakanninsa

Da sunan Sarkin da ya shimfiɗa daji ya zuba masa namu iri-iri, ya ba giwa haure, ya ba beguwa ƙaya, ya ba fakara ƙafar gudu da wuyan leƙe, sa'an nan cikin hikimarsa ya ba wasu daga bayinsa zuciyar da ta fi ƙarfin gwiwoyinsu. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali, a kawar da ƙwaryar fura gefe, a gyara zama, domin alƙalami zai tsoma baki a tawada ya ambaci nasabar sadauki ɗan sadaukai, Haladu ɗan Sarkin Baka Nomau, ɗan Sarkin Baka Jatau Mai Kibiya Ɗaya, wanda bai taɓa ɓata kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba, ɗan Barmo Sha-Dafi, wanda in ya yi tari a bakin daji kura kan kwashe 'ya'yanta ta sake unguwa, ɗan Ƙosau Turmushe-Ɓauna, wanda ya kayar da ɓauna a kan wani tudu, ya ga ta yi masa nauyin ɗauka, sai kawai ya kafa gari a wurin. Garin shi ne Tudun Maje, yana nan har yau, wanda bai yarda ba ya je ya gani.

Daga wannan tsatso mai albarka, wanda jininsa ya gauraya da dafin kibiya, Allah ya fitar da Haladu, ya kuma yi shi tela. E, tela. Barden zare da allura, mai sukuwa a kan keken ɗinki ba linzami, Sarkin Yaƙin jajibirin Sallah, ma'abocin "dawo gobe" wanda gobensa ba ta cika wayewa ba, gwarzon da tun da aka haife shi bai zubar da jinin wani mahaluki ba in ban da na ɗan yatsansa. Masu riwaya sun haɗu a kan cewa ko kazar gidansa za a yanka, maƙwabci ake kira, shi kuwa sai ya tuna yana da aiki a shago.

To, a ɗakin Sarkin Baka Nomau akwai wata taska wadda ta fi duk abin da gidan ya mallaka daraja, wato kan burtu. Wanda ya tashi a birni bari a yi masa bayani, kada ya zauna yana gyaɗa kai alhali bai gane ba. Burtu tsuntsu ne baƙi ƙirin, ƙato, mai dogon baki, yana yawo a ƙasa yana kiwo, kuma namun daji ba sa tsoronsa. Shi ya sa maharban da suka gabata suka ɗauki bakinsa da ƙoƙon kansa suka kafa a kan lanƙwasasshen itace, suka naɗe da fata. Maharbi zai ɗaura wannan a goshi, ya lulluɓa da baƙin mayafi, ya tsuguna yana tafiya yana caccakar ƙasa, har ya kai kusa da nama ya saki kibiya. Wannan na gidan Nomau tun daga Ƙosau ya gangaro, kowane goshi ya bar masa maiƙonsa. Al'adar zuriyar kuwa ita ce, kan burtu ba ya zama a gidan da ba mai shiga daji da shi.

Sarkin Baka ya tsufa, idonsa ya dushe, ƙafa ta ƙi. 'Ya'yansa manya duk sun watse, wani yana tuƙin babbar mota a kudu, wani yana koyarwa a birni, ba wanda ya rage a gabansa sai autansa Haladu. Ana nan, bayan an gama kawar da amfanin gona, sai ga Mantau, ɗan ƙanin Sarkin Baka, maharbi na sosai, mai karnuka da ƙaton ƙirji da muryar da ba ta iya raɗa ba. Ya durƙusa a zaure gaban dattawan maharba ya yi gaisuwa, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baffa, kan nan ya daɗe bai ga daji ba. In babu mai fita da shi a nan, gidanmu ma gidan Ƙosau ne."

Tsoho ya gyara zama. Sa'an nan ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Mantau. Al'ada ce, ba ni na kafa ta ba. Auta, kana nan?"

"Ina nan, Baba," in ji Haladu daga bakin ƙofa, da awon ɗinki rataye a wuya.

"In ka shiga daji da shi ka kawo mini nama, ko fakara ce, kai ya zauna. In ka dawo hannu Rabbana, Mantau ya tafi da shi a ranar."

Da ya gama faɗin haka sai tsohon ya juya fuskarsa wajen ɗakinsa, inda abin yake rataye, duk da ba ya ganinsa, haɓarsa tana rawa. Haladu ya lura da wannan. Tausayin ubansa ya soke shi har idonsa ya kawo ruwa, domin ya san ranar da aka fitar da kan nan daga gidan, a ranar tsohon zai san an gama da shi tun yana numfashi. Sai jinin Turmushe-Ɓauna, wanda ya daɗe yana barci a ƙarƙashin keken ɗinki, ya yi miƙa ya tashi. Haladu ya bugi ƙirji ya ce gobe-goben nan zai fita, kuma wannan ce goben farko a tarihinsa da ta zo a kan lokaci.

Da yamma aka sauko masa da kayan yaƙi: warki, da rigar layu mai warin hayaƙi, da baka, da kwari, da baƙin mayafi, da shi uban gayyar. Sadauki ya juya kan burtu a hannunsa da idon sana'a, sai ya ga ƙwari sun cinye jar fatar da ke lilo a maƙogwaronsa, ta zama tsumma. Wani maharbin da sai ya nemi jar fata wajen dukawa. Haladu kuwa tela ne, tela kuma ba ya ganin yagewa ya wuce. Ya buɗe buhun ƙyallaye ya zaro wani shuɗin yadi mai sheƙi, ragowar zanin matarsa Lantana, ya yanka, ya cusa masa auduga ya yi ɓul-ɓul, ya ɗinke, har ya bi bakinsa da zaren ado.

Lantana ta leƙo ta ce, "Malam, ai ja ne a da."

"An daina yayin ja," in ji shi. "Dubi yadda ya fito."

Ya fito kam. Abin da jikan maharba bai sani ba, wanda ko karen Mantau ya sani, shi ne jan maƙogwaro na namijin burtu ne, shuɗi zalla kuwa na mace. Kakanninsa ja suke sawa don kowane burtu ya gansu ya ce wani ƙato ne a kiwonsa, ya kama gabansa. Haladu da hannunsa, da allurarsa, da gwanintarsa, ya mayar da gadon mazaje huɗu budurwar da ba a taɓa ganin mai kyanta ba a dajin Kurmin Giginya. Da ya gwada a goshi ya ga igiyar tana zamewa saboda sanƙo, sai ya ƙudura cewa gobe zai ɗinke ta a ƙarƙashin haɓa, ɗinkin da ba ya farkewa.

Gari na wayewa, bayan an sallame sallar asuba, rundunar Tudun Maje ta ɗaga, kuma rundunar ba kowa ba ce face Haladu, shi ne jagaba, shi ne dakaru, shi ne mai ɗaukar guzuri. Ya ratsa gonar rogo ba tare da ya rasa mutum ko ɗaya ba, ya ƙetare rafin da ruwansa ya kai idon sawu cikin jarunta da sa'a, ya ci garin tururuwa da yaƙi ba da saninsa ba, har ya yada zango a gindin wata giginya a bakin tsohuwar gonar gyaɗa. Nan ya yi shirin fama. Ya ɗaura kai, ya ɗinke igiya gam, ya lulluɓa, ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi wata ƙara da ta sa kurciya tashi daga kan reshe.

Can ga abokan gaba. Fakaru ne jajaye-jajaye masu ƙiba, sun bazu a cikin kunyoyi suna tonon ragowar gyaɗa, sarkinsu yana kan suri yana ƙyarƙyara kamar shi ya noma gonar. Gwarzo ya yi kirari a zuci, don in ya yi a fili an watse: sai ni Haladu na Lantana, almakashi raba yadi da ɗan'uwansa, allura ƙarama mai shiga babbar riga. Ya fara matsawa a tsugune, yana sunkuyar da kai yana caccakar ƙasa yadda ya ga ubansa yana kwatantawa. Abin mamaki, kuma wallahi ni kaina mai ba da labarin abin yana ba ni haushi, dabarar ta ci. Fakaru suka ɗago suka dube shi, suka ga burtu ce 'yar gayu, suka ci gaba da kiwonsu.

Da ya kai inda ko makaho zai samu, sai ya zaro kibiya daga ƙarƙashin mayafi, ya ɗana, ya ja tsarkiya da dukkan ƙarfin da dawo-gobe ya bar masa, ya saki. Tsarkiya ta maƙale da bakin burtun, ta fizge kansa gefe, kibiya ta tashi sama neman abin da ba ta ajiye ba, ta dawo ta kafe gefen mayafinsa da ƙasa. Malaman tarihi sun yi saɓani a kan ko wannan harbi ne ko ɗinki. Fakaru dai ko tashi ba su yi ba, wata ma ta matso ta duba kibiyar.

Yana kiciniyar zare ta ke nan sai ƙasa ta ɗauki wani sauti daga bayansa, mai zurfi, kamar ana buga turmi a cikin rijiya. Gudum. Gudum-gudum. Ya waiwaya a hankali, sai ga shi, Sarkin Kurmin Giginya da kewaye, burtu na ainihi wanda ba itace a wuyansa, baƙi wuluk, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, maƙogwaronsa ja jawur ya kumbura, ga gashin ido zara-zara wanda matan gari ke wahalar nema da kwalli. Tuzuru ne, ga dukkan alamu, wanda ya daɗe yana kiwo shi kaɗai. Ya tsaya cik yana kallon shuɗin yadin Lantana da zaren adonsa, ya lumshe ido ya buɗe.

A nan ne yaƙi ya sake salo, domin Haladu ya shiga tsaka mai wuya. In ya miƙe ya ce shi mutum ne, fakaru sun tashi, kan kakanni ya tafi gidan Mantau. In ya zauna, ga wannan bawan Allah yana taku ɗai-ɗai yana zagaya shi, yana buɗe fikafikai yana nuna masa fararen gashin da ke ɓoye a ciki, yana buga baki a ƙasa. Ya tuna haɓar ubansa tana rawa, sai ya zaɓi zama, ya ci gaba da caccakar ƙasa, gumi yana bin bayansa.

Burtu ya tafi da sauri ya dawo da fara a baki, ya ajiye a gabansa cikin ladabi. Haladu ya kawar da kai. Burtu ya ga alamar 'yar gidan mutunci ce, ba a saye ta da fara, sai ya koma ya kawo ƙadangare. Haladu ya juya masa baya. Aka kawo kwaɗo mai rai, wanda ya dubi amarya ya dubi ango ya yi tsalle ya bar musu wurin. Duk ƙin da sadauki yake yi, shi masoyi jan aji yake gani, ƙaunarsa tana ƙaruwa, har ya matso ya fara gyara masa mayafi da baki, yana tsince masa ƙaiƙayi, ya ciro laya ɗaya daga rigar layun kakansa Barmo Sha-Dafi ya ɗanɗana ya tofar. Sa'an nan ya ɓace a cikin ciyawa jim kaɗan, ya dawo yana jan babbar kyauta wadda ba a yi wa kowace mace sai wadda aka yi niyyar zama da ita, wato kubuwa, wutsiyarta tana motsi, ya shimfiɗa ta a kan ƙafar Haladu.

An ruwaito cewa a wannan sa'a jikan Mai Kibiya Ɗaya ya karanta duk abin da ya haddace tun daga allo, har da wanda ya manta, ba tare da leɓensa ya motsa ba. Bai yi ihu ba, wannan kam a rubuta masa. Ya dai yi wani tsalle a tsugune, irin wanda ba a san ɗan Adam yana iyawa ba, mayafi ya fizge daga kibiyar, ya dira a kan gidan cinnaku, su kuma suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka shiga warki don kare ƙasarsu. Sadauki ya kama rawa, kafaɗa tana karkarwa, ƙugu yana juyawa, dogon baki yana sama yana ƙasa. Burtu ya ga an amsa masa, ya buɗe fikafikai shi ma ya shiga fage. Haka suka yi ta zagaya juna a tsakiyar gonar gyaɗa, hantsi yana dukansu, fakaru sun yi sahu a kan kunya suna kallon biki.

Amma ko a cikin wannan musiba, idon Haladu bai bar kan fakarun ba, kuma duk inda idonsa ya nufa, nan dogon bakin da ke goshinsa yake nunawa. Burtu mai hankali ne. Ya bi bakin da kallo, ya ga inda ran gimbiya yake, ya gane ashe tun farko ƙananan abubuwa yake ta kawowa. Ya saki rawa, ya taka cikin 'yan kallo a natse kamar mai wucewa, su kuwa ba su ga dalilin gudu ba tunda sun san shi. Sara ɗaya ya yi wa wata mai ƙiba a gadon baya. Sauran suka tashi fir, gonar ta yi tsit, shi kuma ya ɗauko ta tana shure-shure ya ajiye a gaban masoyiyarsa, ya ja da baya yana jiran godiya.

Haladu ya dubi fakara, fakara ta dube shi. Da sauran ranta, in ta mutu haka ta zama mushe, in an yanka ta zama nama, naman kuwa shi ne zaman kan burtu a ɗakin ubansa. Ya laluba ɗamara, babu wuƙa, don bai taɓa tunanin abin zai kai ga haka ba. Sai ya tuna rezar farke ɗinki da ke cikin aljihunsa. Ya ja fakara ƙarƙashin mayafi, ya fuskanci gabas, ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya zubar da jinin farko na rayuwarsa wanda ba nasa ba. Da ya ji ɗumin jinin a hannunsa sai ya yi wurgi da rezar cikin ciyawa, kuma bai tuna da ita ce kaɗai za ta raba shi da igiyar haɓarsa ba sai da ya ja igiyar ta ƙi. Ɗinkin Haladu ne, ba ya farkewa.

Sai ya miƙe tsaye, ya rungume ganima, ya saki kururuwar yaƙi wadda tarihi ya adana kalmominta: "Wayyo ƙafata!" Domin ƙafafun sun yi tsami. Burtu ya ga amarya ta ninka tsayinta, abin ya ƙara burge shi. Haladu ya ranta a na kare, mayafi yana tashi, layu suna kaɗawa, dogon baki yana sara iska, burtu yana biye da dogon taku, in an ba shi rata ya buɗe fiffike ya cike. Suka ƙetare rafi tare, suka ratsa gonar rogo tare, suka shigo Tudun Maje ta wajen famfon da mata ke ɗiban ruwa, inda aka yi asarar tulu biyu da bokiti saboda dariya.

Kafin su kai ƙofar gidan Sarkin Baka gari ya taru. Dattawan maharba suna zaure, Mantau yana tsaye da karnukansa, waɗanda suka yi kan baƙon da haushi, na gabansu ya sha sara a hanci, sauran suka tuna ba da su aka yi alkawari ba. Haladu ya faɗa zaure ya zube gaban ubansa yana haki, ya ajiye fakara, bakin burtunsa ya kusa tsone wa wani dattijo ido.

"Baba, ga nama."

Fuskar tsoho ta washe. Ya ɗauki fakarar yana shafawa, yana auna ƙibarta, yana murmushi. Sa'an nan yatsunsa suka bi ƙirji, suka bi ƙarƙashin fiffike, suka zo gadon baya suka tsaya. Murmushin ya ragu.

"Auta, ina kibiya ta shiga?"

Sadauki ya buɗe baki zai yi bayani mai tsawo a kan iska da nisa, sai daga ƙofar zaure aka ji gudum, gudum-gudum.

"Muryar wa nake ji a ƙofata?" in ji tsoho.

Mantau, wanda tun da ya ga shuɗin maƙogwaro yake riƙe da ciki yana jingine da bango, ya share hawaye ya ce, "Baffa, surukinka ne ya rako ta. Shuɗi aka sa wa kan, har da zaren ado."

Zaure ya ɗauka. Wani dattijo ya ƙware da goro sai da aka bubbuga masa baya. Sarkin Baka kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sa'an nan ya ce, a dokar maharba tun ta kakanni, nama na wanda ya kayar ne, ba na wanda ya ɗauko ba, kuma shi bai taɓa cin haƙƙin abokin farauta ba, ba zai fara da tsufansa ba. A mayar wa mai shi.

Haka sadauki ya fito gaban jama'a, ya durƙusa, ya ajiye fakara gaban burtu. Burtu ya tura masa da baki. Ya tura, aka turo. Ya sake turawa, aka sake turowa, har da ɗan gyara masa mayafi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. A nan ne haƙurin Lantana ya ƙare, ta ratso taro da almakashin shago a hannu.

"Ina tsaye da raina ana zawarcin mijina a ƙofar gida. Malam, ɗaga haɓarka."

Ƙyas, igiya ta rabu, kan kakanni ya faɗo a hannun Haladu. Burtu ya dubi abin da ya bayyana: sanƙo yana sheƙi, shatin igiya a kumatu, ɗan gemu jiƙe da gumi. Ya dubi kyakkyawar fuskar da ke kwance a hannun wannan halitta. Ya sake duban sanƙon, ya daɗe yana dubansa. Maƙogwaronsa ya saɓe a hankali. Sai ya sunkuya ya ɗauki fakararsa, ya juya, jama'a suka dare masa, ya bi hanyar famfo da takunsa na manya.

Dariya ta mutu, domin kowa ya ga abin da ya rage. Babu nama. Sarkin Baka ya miƙa hannu aka ba shi kan, ya ɗora a cinya, ya shafa bakin, ya shafa itacen inda goshin ubansa da na kakansa suka goge shi ya yi santsi. Haladu ya sunkuyar da kai, baƙin ciki ya cika shi, ya ji da ma kubuwar ta sare shi a can.

"Mantau," in ji tsoho, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Magana ɗaya nake yi. Zo ka ɗauka."

Mantau ya matso, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu. Daga bayan taro wata murya ta ce a bar shi ya tafi da shi, ai gidan Mantau ma za su iya karɓar baƙi. Wata ta ce a dai tanadi tabarma, angon ba ya zuwa hannu sake. Tsohuwar nan ta gyara murya za ta sake guɗa. Hannun Mantau ya tsaya a iska. Ya hango kansa ranar kasuwa, ya hango taron farauta na ƙasar gaba ɗaya, ya ji sunan da za a kira duk wanda ya sake ɗaura wannan abu a goshi, ko an mayar masa da ja, ko an wanke shi da ruwan rafi bakwai. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"Baffa, na yi tunani. Kan nan ya saba da ɗakinka. A bar shi."

"Ka tabbata? Haƙƙinka ne."

"Na yafe, Baffa. Duniya da lahira na yafe."

Ya tattara karnukansa ya fita ba sallama. Tsoho ya riƙe kan burtun a cinya, yatsunsa suna taɓa lallausan yadin da audugar da ke ciki. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Aka zaci kuka yake, ashe dariya ce ta taso masa tun daga ciki, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba, ya yi ta har hawaye suka bi gemunsa, ya laluba ya kamo sanƙon autansa yana bubbugawa.

"Mu dai barewa da gada muka ruɗa, kai kuwa har burtun kansa," ya ce da ƙyar. "Mayar mini da shi ɗaki, Auta. Kada ka cire shuɗin."

Da haka aka rufe babin Yaƙin Gonar Gyaɗa, wanda aka fita da baka aka dawo da manemi, aka rasa ganima aka tsira da tuta, ba don abokin hamayya ya ji tsoro ba sai don ya ji kunya. Sadauki ya kai kan burtu ɗakin ubansa, ya fito yana ɗingishi ya tsaya a ƙofar gida, ya daɗe yana duban hanyar famfo. Lantana ta zo wucewa da ƙwaryar garin kuka, don miyar ranar ba nama, ta tambaye shi abin da yake nema a can.

"Ba komai," in ji Haladu. "Na ga dai ko waiwayowa bai yi ba."